Finjalin da Ɗalhatu Ya Ajiye

Gonar kofin marigayi Malam Mudasiru da ke kan tsaunin Mambila ta sami mai sayen amfaninta, kuma ba a mayar da ita gonar masara ba. An yanke wannan magana ne a wata majalisa da ke Umm Salal, arewa da Doha, ranar wata Juma'a ta watan Fabrairun 2006, a gaban mutanen da ba su taɓa jin sunan Mambila ba. Abin da ya jawo haka shi ne wani direba ya ajiye finjalin gahawa a ƙasa bai sha ba.

Direban shi ne Ɗalhatu, ɗan marigayin na biyu. Shekararsa ta uku ke nan yana tuƙa wani dattijon ɗan kasuwa da ake kira Abu Jasim, wanda kuma shi ne kafil ɗinsa, wato wanda zamansa a ƙasar ke hannunsa.

Gonar ba ta da girma. Mutum zai tsaya a wannan baki ya kira wanda ke wancan bakin ba tare da ya ɗaga murya ba, sai dai ba zai hango shi ba, domin tana cikin kurmi. A shekarun da aka raba dashen kofi a tsaunin, maƙwabta sun share filayensu fes suka dasa a rana. Malam Mudasiru ya dasa nasa a ƙarƙashin manyan itatuwan da ya tarar. Masu sonsa suka ce hangen nesa ne, matarsa ta ce ƙyuyar sara ce. Ko ma wanne ne, na maƙwabta ya yi 'ya'ya da wuri ya mutu da wuri, nasa kuwa yana nan. Da safe gajimare kan sauko ya shiga tsakanin itatuwan, ganye ya yi ta ɗiga har hantsi ko ba a yi ruwa ba. Ba a zuba takin zamani, ɓawon kofin bara da kashin shanu ake mayar wa ƙasa. Ba a tsinkar 'ya'yan sai sun yi ja wur, ɗaya bayan ɗaya, a bar kore ya jira wani zagayen. A ɓare, a jiƙa, a wanke a rafi, a shanya a kan gadon gora. Daga nan sai 'yan kasuwa su zo su juye shi buhu ɗaya da na kowa, su saye shi farashi ɗaya da na kowa.

Wannan ne ya ishi Munzali, yayan Ɗalhatu, wanda gonar ke hannunsa. Da Ɗalhatu ya je hutu gida a watan Janairu, ya same shi a ƙofar gida yana wasa gatari.

"Yaya, itacen girki za a yi?"

"Masara za a yi," in ji Munzali. "Kafin ruwan farko zan share wurin. Masara ko ba a saya ba a ci. Ka taɓa ganin wanda ya tuƙa tuwon kofi?"

"Baba ne fa ya dasa."

"Baba ya dasa, ni nake hawa da sauka. Kai kana can kana shan sanyin mota. An ce Larabawa ba sa rabuwa da gahawa, to ka kai musu. In sun san darajarsa ka bugo mini waya kafin ruwa. In ba su sani ba, kada ka ɓata katinka."

Ɗalhatu ya koma Doha da rabin buhun kofi. Don ya sami wurin sa shi a jaka, ya bar kuka da daddawa da yajin da aka ɗaure masa. Abokan zamansa a ɗakin da suke haya a unguwar Najma sun yi wata guda suna jiran wannan kukar. Da ya kwance jakar suka ga ƙwayoyi masu launin toka, babu wanda ya yi masa sannu da zuwa karo na biyu.

A cikinsu akwai Dramani, mutumin Kumasi ta ƙasar Ghana, ɗan zangon Hausawa, wanda ya girmi kowa a ɗakin. Ya fi shekara goma a gidan Abu Jasim, kuma aikinsa ɗaya ne, gahawa. Shi ke soyawa, shi ke dakawa, shi ke dafawa, shi ke zuba wa baƙi. Ɗalhatu ya jira sai da sauran suka fita aiki.

"Baba Dramani, ranar Juma'a ka dafa wannan maimakon na gidan. Sau ɗaya tak."

"Cale, abokina, so kake a sa ni a jirgi a mayar da ni gida."

"Ba wanda zai sani. In maigida ya ji daɗi ya tambaya, sai mu faɗa masa."

"In bai ji daɗi ba fa?"

"Sai mu yi shiru."

"Mu," in ji Dramani. "Ni ke riƙe da butar. Kai kana mota kana jin rediyo."

Sai da Ɗalhatu ya ba shi labarin gatarin, sannan ya yarda su yi musayar gado, shi ya koma na Dramani da ke ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, wadda ke ɗigar ruwa tun bara, Dramani ya amince.

"Amma don Allah kada ka sa hel," in ji Ɗalhatu.

Hel wasu 'yan ƙwayoyi ne masu ƙarfin ƙamshi waɗanda Larabawan wurin ke dakawa cikin gahawa. Dramani ya kalle shi kamar ya ce a yi salla ba alwala.

"Gahawa ba hel? Je ka kai wa ɗan garinku tuwo ba miya ka dawo ka ba ni labari."

"To ka rage."

"Zan rage."

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Abu Jasim kan zauna da 'yan'uwa da abokai a gonarsa ta Umm Salal, inda yake da dabino da 'yan raƙuma da wani dogon zaure mai darduma. Ɗalhatu kan ajiye mota a inuwa ya tafi wurin ma'aikatan gona su ci shinkafa. Ran nan ya tsaya a bakin zauren yana jera takalman baƙi, ya gama ya sake jerawa. So yake ya ga fuskar maigida a kurɓin farko.

Abu Jasim ya hango shi.

"Dalhat, me kake yi da takalman mutane? Shigo ka zauna."

Ya shiga ya zauna a can ƙarshe, kusa da ƙofa. Dramani ya fito da buta mai dogon baki a hannun hagu, ƙananan finjalai a jere a hannun dama. Ya fara daga kan manya, yana zuba wa kowa ɗan kaɗan, abin da bai rufe gindin finjalin sosai ba. Mutum ya sha, a ƙara masa, in ya ƙoshi ya girgiza finjalin ya miƙa. Wannan ƙa'idar Ɗalhatu ya san ta.

Ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ana ta hirar titunan da aka haƙa ko'ina saboda wasannin da za a yi a ƙarshen shekara, da kuma wani shaho da aka saya ya gudu. Abu Jasim ya sha, aka ƙara, ya sha, ya girgiza finjali yana dariyar mai shahon. Babu wanda ya dakata ko ya leƙa cikin finjalinsa.

Da Dramani ya iso kansa, ya zuba masa kamar kowa, domin a wannan zauren duk wanda ya zauna baƙo ne. Ruwan rawaya ne, ana hango gindin finjalin ta cikinsa. Ɗalhatu ya kai hanci. Ya ji hel, ya ji za'afaran, ya ji kanumfari. Ya nemi gonar ubansa bai same ta ba.

"Ka ce za ka rage," ya faɗa ƙasa-ƙasa da Hausa.

"Na rage kanumfari," in ji Dramani, bakinsa ko motsi bai yi ba.

Malam Mudasiru bai taɓa yanke wa kofi hukunci da zafinsa ba. Yakan ajiye shi ya huce, ya ce sai ya huce yake faɗin gaskiya. Ɗalhatu ya yi tunanin wataƙila in ƙamshin kayan ya lafa, wani abu zai fito daga ƙarƙashi. Ya ajiye finjalin a kan darduma a gaban gwiwoyinsa, ya harɗe hannu, ya zauna jira.

Na kusa da shi ne ya fara yin shiru. Sai na gaba. Shirun ya bi bango har ya kai kan mai labarin shaho, wanda ya tsaya a tsakiyar magana.

A tsohuwar al'adar mutanen wurin, baƙo ba ya ajiye finjalinsa a ƙasa bai sha ba sai da ɗayan dalili biyu. Ko dai gahawar tana da aibi, wanda abin kunya ne ga mai gida, ko kuma ya zo da wata babbar buƙata, ba zai sha ba sai an biya masa. Dramani bai taɓa gaya masa wannan ba, domin a duk shekarunsa a gidan bai taɓa ganin wanda ya yi ba.

Abu Jasim ya fara da dalili na farko.

"Dramani, akwai wani abu a gahawar nan?"

"Babu komai, ranka ya daɗe," in ji Dramani.

Dattijon ya sa aka sake zuba masa, ya ɗanɗana, ya ji ta kamar kullum. Saura dalili na biyu. Fuskarsa ta washe. Rabonsa da ganin an yi haka tun yana yaro a tantin mahaifinsa, kuma ga shi an yi masa a gaban abokansa. Ya gyara zama, ya gyara mayafin kansa, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen zaure zai ji.

"Sha gahawarka. Abin da ka zo nema ka samu."

Ɗalhatu ya ji kalmomin amma bai gane inda suka dosa ba. Dramani ya sunkuyo kamar zai gyara finjalin.

"Cewa ya yi ka roƙa. Komai. Ya riga ya ba ka a gaban mutane, ba zai iya janyewa ba. Ka ce a canja mana na'urar ɗaki."

"Komai?"

"Ko Hajji. Ka ce Hajji, mu biyu. 'Ya'yansa mata ne kawai kada ka ambata, duk sun yi aure."

Larabcin Ɗalhatu iri biyu ne. Akwai na titi, wanda bai wuce yalla, wato mu je, da khalas, wato shi ke nan, da dama da hagu ba. Akwai kuma na makaranta, wanda ya koya a gaban malami. Na titi ba zai ɗauki wannan magana ba, don haka ya miƙe tsaye ya buɗe na makaranta. Ya fara da godiya ga Allah da salati, ya ce ya ku jama'a, har wani tsoho ya gyara zama kamar za a sake huɗuba. Sannan ya faɗi buƙatarsa. Yana roƙon a sake dafa wannan kofi da ruwa kaɗai, ba hel, ba za'afaran, ba kanumfari, kuma maigida ya sha.

Ƙanin Abu Jasim, wani mai kaurin gashin baki, ya jira ya ji sauran.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Dramani ya rufe ido.

"Wane kofi?" in ji Abu Jasim.

Ɗalhatu ya ce na gonar mahaifinsa, wanda suka gama sha yanzu. Abu Jasim ya dubi Dramani. Dramani ya dubi butar. Amma an riga an yi magana a gaban shaidu, don haka aka hura gawayi a bakin zaure, aka kawo sauran ƙwayoyin.

Ɗalhatu ya soya da kansa. Mutanen wurin kan sauke kofi daga wuta tun yana rawaya. Shi ya bar shi yana juyawa har ya yi launin ƙasa ya fara ƙara kamar gugguru.

"Ka ƙona," in ji Dramani.

"Bai kai ba."

"Ka ƙona kofin, ka ƙona Hajji."

Aka daka, aka zuba tafasasshen ruwa, aka bar shi ya kwanta. Tun da maigida zai sha, dole kowa ya sha. Dramani ya zaga da butar fuskarsa a ɗaure, kamar mai rabon magani a asibiti.

Ɗalhatu ya kurɓa. Wannan karon gonar tana ciki, ɗan tsami mai kama da na lemo a gaba, zaƙi kamar na zuma a baya. Ya ɗaga kai ya dubi jama'a.

Mai gashin baki ya ce ya lalace, akwai tsami. Ɗalhatu ya ce tsamin shi ne darajarsa. Mai gashin baki ya ce to Allah ya ƙara daraja. Tsohon nan ya nemi a miƙo masa dabino, ya ci biyu a jere. Wani ya girgiza finjalinsa tun Dramani bai juyo ta wajensa ba, ya ci gaba da girgizawa don kada a yi kuskure. Abu Jasim ya shanye nasa a hankali, da fuskar mutumin da ke cika alkawari, ya miƙa finjalin.

"Na sha. Buƙata ta biya?"

A nan ne Ɗalhatu ya lura da abin da ya yi. An ba shi komai, ya roƙi a ɗanɗana. Bai ce a saya ba.

"Ta biya, ranka ya daɗe."

"Da yanzu muna kwana a busasshen gado," in ji Dramani yana wucewa.

Hira ta fara komawa kan shaho. Ɗalhatu yana neman hanyar da zai sulale waje, sai tsohon da ya ci dabino ya tambaye shi, don ladabi kawai, me ke sa kofin ƙasarsu tsami. Ya ce 'ya'yan ba sa saurin nuna ne, saboda sanyi da inuwa da kuma gajimaren da ke kwana a gonar.

"Wane gajimare?"

"Na sama. Yana saukowa."

"Ina?"

"Cikin gonar. Itatuwa ke riƙe shi."

A wannan hunturun sau biyu ana fita roƙon ruwa a garin, kuma mafi yawan mutanen zauren sun je. Mai shaho ya bar shahonsa. Aka fara jefo tambayoyi ta ko'ina. Kullum yake zuwa? Kusan kullum. Ana taɓa shi? Ana shiga cikinsa, mutum ya fito da jiƙaƙƙen gemu. In an bar ƙofa a buɗe yana shiga ɗaki. Wanki kan kwana ya wuni ya sake kwana bai bushe ba. Rafi ba ya ƙafewa, kuma babu wanda ya haƙa shi. Mai gashin baki ya ce direbobi ba su da aiki sai ƙarya. Ɗalhatu ya rantse da Larabcin makaranta, rantsuwa mai tsawo, har aka ce ya isa.

Sannan ya faɗi maganar yayansa da gatari da masara.

Abu Jasim ya dube shi.

"Mutum yana da gajimare a gonarsa, zai kore shi saboda masara?"

"Masara ana ci, ranka ya daɗe."

"Nawa gonar ke bayarwa?"

"'Yan buhuna. Ba su cika bayan motar gona ba."

"Ka ce ya aiko duka. Na bana da na baɗi." Ya juya wajen Dramani. "Kai kuma ka sa masa hel. Da yawa."

Washegari Ɗalhatu ya sayi kati a wani shago a Najma ya buga wa mai shagon da ke karɓar wa ƙauyensu waya a Gembu. Aka aika a kira Munzali. Ya saurara har ƙarshe, ya tambaya ko Larabawan sun yaba ɗanɗanon. Ɗalhatu ya ce sun yi magana a kansa sosai.

Buhunan sun iso ta Kano kafin zafi ya kankama. Tun daga lokacin ake shan kofin Malam Mudasiru kowace Juma'a a Umm Salal, soyayye rawaya, da hel da za'afaran da cikakken kanumfari. Abu Jasim ya sa masa suna gahawar gajimare, kuma kafin a zuba wa sabon baƙo sai an kira Ɗalhatu ya ba da labarin jiƙaƙƙen gemu. Baƙi da dama sun ce suna jin ƙamshin ruwan sama a ciki. Mai gashin baki ma ya ce shi tun ranar farko ya ji. Dramani bai rasa aikinsa ba, amma bai koma gadon da ke ɗiga ba, ya ce sharaɗi sharaɗi ne.

Abokan Abu Jasim suka fara neman nasu. Da aka yi ta nema, ya ce wa Ɗalhatu ya gaya wa yayansa duk abin da ya samu za a ɗauka, ko ninki goma ne. Ɗalhatu ya isar da saƙon yadda aka ba shi, cikin murna, kafin ya yi tunani.

"Ninki goma," in ji Munzali a waya. "To ai sai a yi wuri. In aka kawar da manyan itatuwan nan, filin zai ci dashe da yawa, rana ta shiga, ya yi 'ya'ya da wuri."

"Yaya, in ka sare su gajimaren ba zai tsaya ba. Ɗanɗanon ma zai tafi."

"Wane ɗanɗano? Dramanin nan naka da muka gaisa ya ce mini ko gyaɗa ya soya musu ba za su gane ba."

"Gajimaren suke saya."

"Za su zo su duba ne?"

Ɗalhatu ya ce za su zo. Ya ce maigida da bakinsa ya ce zai zo ya shiga cikin gajimaren ya ga ko gemunsa zai jiƙe. Wannan gaskiya ne. Abu Jasim ya faɗi haka sau ɗaya, yana cin dabino, bai kuma sake tayar da maganar ba.

Munzali ya ce to zai jira baƙon har ƙarshen damina, domin ba kyau mutum ya taso daga nesa ya tarar da kututture.

Ya zuwa watan Satumba itatuwan suna tsaye, ruwa bai ɗauke ba a Mambila, kuma Abu Jasim bai tambayi kowa inda ake neman bizar Najeriya ba.